Ƙanƙarar Madawa da Tarwaɗar Keita

Waɗanda ke cikin motar ran nan, in an cire 'yan kasuwar da ke hawa suna sauka a hanya, ga su. Akwai Nomau direba, mai kamiyon da ke kai gishiri da buhunan taki Keita. Akwai Shaibu aparantinsa, wato yaron motarsa, wanda ya girme shi, har da furfura a gemu, amma bai taɓa yarda ya ja mota ba. Akwai Abarshi dillalin awaki, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Akwai Inna Gaishatu, tsohuwa daga makiyayan tuddan da ke bayan Buza, mai jin Hausa da Buzanci, wadda ta zo Madawa barkar jikanyarta za ta koma gida. Sai ni, Rabi mai kifi, da ƙanƙarata.

Na fara da sunayensu ne saboda ku 'yan matan yanzu da ke zuwa rumfata kuna cewa in koya muku sayar da kifi, kamar abin a koya ne tsakanin azahar da la'asar. Kuna da galasiyar, akwatin nan mai riƙe sanyi. Kuna da firigo na lantarki in kuran bai ɗauke ba. Kuna da salula, ku kira masunci ya aiko muku kaya bisa kabu-kabu. Sai ku ce ai sana'ar Inna Rabi zama ce da korar ƙuda. To, ku zauna ku ji.

Aikin farko da uwar ɗakina Inna Habsu ta sa ni shi ne wankin daro. Damina guda cur hannuna bai taɓa kifin sayarwa ba. Toka da soso, in goge, in ɗauraye, in miƙa mata. Ta sa hanci ciki, in ta ji ƙarni ta turo mini shi da ƙafa. Sai da daron ya daina dawowa sannan ta fara nuna mini kifi. Dubi idonsa, in ya yi hazo ya kwana. Ɗaga murfin kumatunsa, in cikin ja ne jawur to sabo ne, in ya koɗe bar shi ga mai shi. Danna bayansa da yatsa, in gurbin ya zauna bai taso ba, kada ki saya ko kyauta ne. Wuƙar da nake aiki da ita yau tata ce, ta sha wasa har ta koma siririya kamar ganyen albasa.

Wata safiya na ɗaga daron da munka kife bayan rumfa, na tarar da tarwaɗa guda ta kwana ƙarƙashi cikin ɗan laima, tana ta mutsu-mutsu da gashin bakinta. Na kwarma ihu. Inna Habsu ta ce, "Rufe bakinki. Ƙarfasa sarauniya ce, ko harara kika yi mata sai ta mutu. Tarwaɗa kuwa 'yar wahala ce irinmu." Ta yanka ta munka yi miya.

Sai dai ƙarfasa masu saye ke so. Matan da ke dafa shinkafa a tasha, da matan ma'aikata da ke zuwa da kwandonsu suna toshe hanci, duk ƙarfasa suke tambaya, fara, sabuwa, mai sheƙi. Ƙarfasa kuma ba ta tafiya sai da ƙanƙara. Ɗaurin ƙanƙara aiki ne mai zaman kansa. Ki shimfiɗa ƙaiƙayin gero busasshe cikin buhu, ki kwantar da sandar ƙanƙarar, ki bi ta da ƙaiƙayi ta kowane gefe har kada ki ga farinta, ki ɗaure, ki ƙara wani buhun, sannan ki naɗe da tsohon bargo. Iska da ruwa su ne abokan gabarta. Ruwan da ya fita daga jikinta ma shi ke cin sauran, shi ya sa ake huda gindin abin da anka sa ta ciki. Wanda bai sani ba ya ga bargon sai ya yi dariya.

Mummunar shekarar ta zo bayan rasuwar Inna Habsu, lokacin rumfar ta dawo hannuna. Ruwa ya yi jinkiri. Tabkunan da ke wajen Galma, inda muke samo kaya, sunka ƙafe har ƙasa ta tsattsage, masunta sunka rataye tarunsu sunka tafi cin rani. Kasuwa ta ci, ta sake ci, rumfata ba komai sai daro kife. A lokacin ne kifin kwali ya shigo gari, wanda ake kawowa daskare daga bakin teku. Ni ban iya sayar da kifin da ban san ranar mutuwarsa ba. Ran nan sarkin kasuwa ya zo ya tsaya gabana, ya ce, "Rabi, na yi miki kara saboda marigayiya, amma rumfa ba ta zama ba kaya. In kasuwa mai zuwa ta ci ba ki baza komai ba, Sani mai kifin kwali zan ba wurin nan."

Nomau ne ya gaya mini an yi ruwa sosai a tuddan arewa, wani tabki kafin a kai Keita ya cika ya batse, kifi har ana ture shi da ƙafa. Na sayar da tunkiyata, na sayi sandunan ƙanƙara, na ɗaure su da hannuna. Jajibirin kasuwa, bayan sallar asuba, Shaibu ya ɗora su bayan mota inda buhunan gishiri ke yin inuwa, na hau na zauna na jingina da su.

Ni da ban taɓa wuce Galma ba! Har Buza ban ga abin mamaki ba, gonaki ne irin namu. Daga can hanya ta fara hawa, motar na nishi, na ɗaga kai na ga duwatsu sun taso ta ko'ina, baƙi da ja, kawunansu a baje kamar an yanke da wuƙa. Ruwan da anka yi kwana biyu ya wanke su tas, suna ƙyalli. Mu hau, mu hau, sai hanya ta karya kwana, ƙasa ta buɗe ƙarƙashinmu: kwari mai zurfi, kore shar, gero ya kai gwiwa, garake a jere bakin rafi, shanu can ƙasa ƙanana kamar tururuwa. Ta gefen dutse kuma ruwa ne ke saukowa siriri-siriri, nan da can, fari fat, kamar an shanya zare. Na riƙe ƙarfen mota da hannu biyu ina ta salati.

Abarshi ya ce, "Rabi, rufe bakin nan kada tsuntsu ya yi sheƙa ciki! Ba ki ga komai ba tukuna."

Na ce, "Kai da ka ga komai, mi ya ƙare ka da shi? Har yau awakin mutane kake bi."

Shaibu ya yi dariya har ya kusa sakin igiyar kayan da yake riƙe. Inna Gaishatu ba ta cikin wannan. Ita tuddan gidanta ne, ko kallonsu ba ta yi. Kayana take kallo. Ta sa yatsa ta taɓa ɗigon da ke fita ƙarƙashin bargo, ta janye da sauri.

"Ɗiyata, mi ke cikin bargon ga? Marar lahiya ne?"

"Ƙanƙara ce, Inna."

"Ƙanƙara? Irin wadda ke zubowa daga sama?"

"Irinta, amma wannan inji ke yin ta."

"To wa ya ce miki tana jin ɗari, da kika lulluɓe ta haka?"

Kowa ya bushe da dariya, motar ta faɗa rami, maganar ta bi iska.

Rana ta ɗaga lokacin da munka iso wani radiye, wurin da anka zuba siminti a gindin kwari don mota ta ratsa rafi. Ruwa na gudu bisansa ja wur, ɗauke da itace da kara. Nomau ya kashe mota, ya ce ba mai ƙetarawa sai ya sauka. Ni kuwa kowane tsayi ƙanƙarata yake ci. Na ce masa, "Yaushe zai sauka?" Ya ce, "Sai na hau dutsen can na ga ko akwai wani ruwan a bayansa." Na ce to tare za mu, don na san halin direbobi, in ya samu inuwa a sama sai ya yi barci. Na juya ga tsohuwa na ce, "Inna, sa mini ido ga kayan nan, kada zafi ya taɓa su." Ta ce, "Tahi, ɗiyata, amanarki na hannuna."

Hawan ya ɗauke mu lokaci, duwatsun na da santsi, zanena na kama ƙaya. Amma da munka kai sama, wallahi na manta gajiya. Duniya ce gaba ɗaya a shimfiɗe. Tabkuna ga su nan birjik tsakanin tuddai, wani zagaye, wani dogo, kowanne na walƙiya kamar an watsa madubai cikin ciyawa. Girgije na wucewa kusa har ina jin sanyinsa a fuska. Daga damarmu kuma, ba nisa da inda mota take, wani ruwa ne ke faɗowa daga leɓen dutse mai tsawon da ya fi hasumiyar masallaci, yana ruri, yana tayar da feshi, bakan gizo tsaye a cikinsa. Shi ba ja ba ne kamar na rafi, fari ne garau. A gindinsa ya yi gurbi mai shuɗin ruwa.

Nomau ya duba can sama ya ce rafin na janyewa. Ni idona na kan gurbin nan. Na ga wasu abubuwa farare a cikinsa, dogaye, suna sheƙi cikin rana, ruwa na wasa da su. Na ce, "Nomau, dubi ikon Allah, har fararen duwatsu gare su a nan." Ya kare ido da hannu ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Yaya Rabi, wancan da ke shanye bisa itace ba bargonki ba ne?"

Ban san yadda na sauko dutsen nan ba. Takalmina guda yana can har yau.

Na tarar da su bakin gurbin. Buhuna a kwance, ƙaiƙayi ya bi ruwa, Shaibu da Abarshi sun naɗe wando suna wanke ƙafa. Sandunan da na ɗauro masu kaurin cinya sun koma kamar hannun jariri, ina kallo wata ta rabe biyu ta bi magangara. Inna Gaishatu na zaune bisa dutse, tana gadinsu da sanda.

Ta ce, "Yawwa, kin dawo. Na taɓa bargon nan na ji shi zahi rau, abar na ta kuka a ciki. Na ce wa mazan ga su ɗauko ta su kawo ta nan. Taɓa ruwan ki ji, har haƙori yake kamawa. Ai ƙanƙara ɗiyar ruwa ce, tare suke sabkowa daga sama. Na maido ta wurin uwarta ta huta."

Na juya ga Shaibu. "Kai da kake ɗora mini ita tun ba yau ba?"

Ya ce, "Wallahi Yaya Rabi, ni ma abin ya daɗe yana damuna, bargon nan. Da ta faɗa sai na ga gaskiya gare ta."

Abarshi ya ce, "Ni dai ɗauko anka ce, na ɗauko. Amma ki gode Allah, tabkin Keita ma zai ji sanyinta."

Na shiga ruwa har ƙugu, na tsamo abin da ya rage, duka bai cika ƙwarya ba. Na naɗe shi cikin busasshen buhu guda da ya tsira. Sannan na gaya wa tsohuwa, ba da tsawa ba, don a shekaru ta haife ni, abin da ƙanƙarar nan take: tunkiyata ce, kuma rumfar uwar ɗakina ce, wadda gobe za a ba wani. Ta saurara har na ƙare. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta ja mayafinta ta rufe baki, ta koma mota.

Ruwa ya sauka, munka ƙetare. Gaba kaɗan Nomau ya tsaya inda wata 'yar hanya ta ratse zuwa rugarsu, ya ce, "Inna, ga gida." Ta ce, "Ja motarka." Ya ce, "Ba nan za ki sauka ba?" Ta ce, "Na ce ja motarka, yaro. Inda ɗiyar ga za ta, can za ni."

Tabkin ya fi yadda anka faɗa. Ruwa ne iyakar gani, duwatsu sun kewaye shi, inuwarsu kwance a ciki, balbelu fari fat bisa itatuwan da ruwa ya ci rabinsu. Masunta na jawo taru, ƙarfasa na tsalle a ciki kamar ana zubar da azurfa. Irin wadda na yi wata da watanni ina mafarki. Na tsuguna na duba ido, na ɗaga kumatu, na danna baya. Ban taɓa ganin mai kyanta ba. Sarkin ruwan wurin, wani dattijo mai suna Bawa, ya ce, "Ɗiba, baiwar Allah. Ina ƙanƙararki?" Na nuna masa ƙullin buhuna. Ya girgiza kai. "Da wannan ko Buza ba za ta kai ba. Sai dai ki kwana nan ki banda ta." In na tsaya banda, kasuwa ta ci ba ni.

Ina tsugune sai na ji fantsama a bayana. Wani rami ne sunka haƙa bakin tabki, cike da tarwaɗa, baƙaƙe, manya, suna hawa bisa juna. Bawa ya ce waɗannan na banda ne, suna ajiye su da rai har a hura wuta. Nan take daron nan na bayan rumfa ya faɗo mini a rai. Na ce, "Da rai zan tafi da su Madawa."

Ya yi dariya. "Ba wanda ya taɓa hawa tuddan nan da kifi mai rai. Tarwaɗa na da taurin rai, gaskiya, amma cikin mota da ranar nan ruwan zai yi zafi, ya yi yauƙi, ya kashe su. Sai kin yi ta sauya musu ruwa, kuma mai kyau. Na rafi yanzu laka ce zalla, toshe musu numfashi zai yi. Ina za ki samu ruwa garau a hanya?"

Inna Gaishatu, wadda ke tsaye nesa da mu ta toshe hanci, don su mutanenta ba su cin kifi, ko taɓa shi ba su yi, ta ce, "Ruwa? Ruwa ne matsalar?" Ta matso. "Tun ban yi haƙoran girma ba nake shayar da bisashe tsakanin nan da Madawa. Ƙanƙararku ce ban sani ba. Ruwa kam, ko wanda ya ɓuya ƙarƙashin dutse na san ɗakinsa. Zuba macizan naki mu tahi."

Saura abin zubawa. Nomau na da tano, wato ganga, na roba, shuɗi, mai faɗin baki, wanda yake ɗaukar ruwan sanyaya inji. Ya ce atafau, motarsa ba za ta sha ruwan ƙarni ba. Tsohuwa ta ce, "Kai, aparantinka ne ya ɗauki kayan ɗiyar ga ya kai ruwa, ko ba shi ba?" Ya sauke tanon da kansa, ya wuce Keita sauke kaya, ya ce mu shirya kafin ya dawo.

Zuba tarwaɗa a tano ba a yin sa da gaggawa. Na wanke shi da toka har na sa hanci ban ji warin gazuwal, man mota, ba. Na zaɓi masu ƙarfi, waɗanda ba su ji ciwon taru ba, ina kama su ta bayan kai saboda ƙayar gefensu, in ta soke ki sai kin kwana kina jin ta. Ruwa ba a cikawa, iyakarsa ya rufe musu baya, don tarwaɗa sama take tasowa ta shaƙi iska. Baki kuma ba a rufewa da murfi, jiƙaƙƙen buhu ake ɗaurawa. Bargon nan da anka raina na jiƙa shi na naɗe tanon. Ɗan guntun ƙanƙarar da ya rage na ɗora shi bisa buhun, yana ɗiga musu a hankali.

Komowa ita ce tafiyar da ba zan manta ba. Tsohuwa ta koma gaba kusa da direba, ta fitar da sandarta ta taga. In ta buga jikin mota, Nomau ya taka birki. Wurin farko, ta ratsa da mu bayan wata ƙatuwar fa, sai ga idon ruwa na ɓuɓɓugowa tsakanin saiwoyin ɓaure. Na biyu, kwarmin dutse ne mai zurfi da rana ba ta leƙawa, ruwan sama ya taru ciki garau har ana ganin tsakuwar gindi. Kowane wuri sai mu yi layi, Shaibu da bido, wato jarka, ni da daro, Abarshi da butar alwalarsa. Na kwashe rabin tsohon ruwan, na zuba sabo a hankali ta gefen tano, don sanyi farat ɗaya ma bugunsu yake. Abarshi na zuba nasa yana cewa, "Ku sha, 'yan gata. Ni da na biya kuɗin mota ba wanda ya tambaye ni ko ina jin ƙishi." Da munka zo magangarar nan da ta cinye mini ƙanƙara, na tara daro ƙarƙashinta, feshi na dukan fuskata, na ce mata, "Abin da kika ci, yau za ki biya."

Bayan mun wuce Buza abin ya so ɓaci. Tuddai sun ƙare, iska ta tsaya, zafin la'asar ya sauko. Tsohuwa ta buga mota wurin wata rijiyar makiyaya da ta sani, munka je munka tarar rafi ya bi ta kanta ya cike ta da yashi. Na buɗe buhun na leƙa. Kumfa ta taso, ruwan ya yi kauri, biyu sun juya farin cikinsu sama, sauran na ta haɗiyar iska. Na tsame biyun na yanka su nan take na zuba ragowar gishirin da ya zube a motar Nomau. Na ce, "Inna, suna tafiya."

Ta gangara cikin rafin, ta bar inda jan ruwa ke gudu, ta yi ta tafiya bisa yashi tana caka sanda, tana caka sanda. Can ta tsaya a wata kwana inda yashin ya yi laushi, ta durƙusa ta fara tono da ƙwarya. "Ku zo ku tona, ku bar kallona!" Munka durƙusa duka, har Nomau. Ramin ya kai gwiwar hannu, sai ruwa ya fara tsattsafowa ta gefe. Na farko ta kwashe ta zubar. Na biyu ma haka. Na ukun ya taru fari tas, yashi ya tace shi, ga sanyi. Abarshi ya jefa hularsa sama yana ihu, "Tsohuwa ta haifi rijiya!" Ƙwarya-ƙwarya munka yi ta ɗiba muna miƙawa hannu da hannu har mota. Ina zubawa ina kallo. Can wata babba ta kaɗa wutsiya ta watsa mini ruwa a ido, sauran sunka bi, tanon ya ɗauki ƙara kamar ana dakan fura a ciki. Shaibu ya rungume bido yana rawa da shi.

Duhu ya yi kafin mu shiga Madawa. Tsohuwa a ɗakina ta kwana, bayan ta sa na jawo tanon nesa da ƙofa.

Da safe na sauya musu ruwa, Shaibu ya taya ni turo tanon kasuwa bisa amalanke. Na wanke daro, na shimfiɗa tabarma, na zauna. Ba a jima ba sai ga sarkin kasuwa cikin farar riga, Sani na biye da shi da kwalayensa. Ya duba rumfa ya ga daro ba komai, ya ce, "Rabi, kin ga dai na cika alkawari, na jira." Na ce, "Matso kusa, ranka ya daɗe." Na kwance buhun, munka karkata tanon. Sunka zubo cikin daro baƙi ƙirin, suna bugun ƙarfe, suna tsalle, wata ta fice ta bi ƙasa tsakanin ƙafafun mutane, mata na ihu suna dariya. Farar rigar nan ta jiƙe har wuya. Kafin ya goge fuska rumfa ta cika. Matan tasha da ba su taɓa tambayar tarwaɗa ba sunka yi ta nunawa da yatsa, "Waccan, mai motsin nan, ita nake so!" Sarkin kasuwa ya matse gefen rigarsa, ya ce, "Sani, juya da kayanka. Wurin ga da mai shi." Tun daga ranar ba a san ni da ƙarfasa ba. Tanon kuma shi ne wannan da kuke zama kusa da shi, Nomau bai sake tambayarsa ba.

Da cinikin ya lafa na bar wa maƙwabciyata rumfa, na je wurin mai inji na yanko guntun ƙanƙara mai kyau. Na bi shi da ƙaiƙayi, na sa buhu, na ƙara buhu, na naɗe da sabon bargo, na ɗaure tam. Na raka Inna Gaishatu tasha, na samo mata wuri a motar Buza, na ɗora mata ƙullin bisa cinya.

Na ce, "Ki kai wa jikokinki su gani. Ko kin ji tana kuka, kada ki buɗe sai kin shiga gida."

Ta taɓa bargon, ta dube ni. "In ta ji zahi hwa?"

"Bar ta ta ji, Inna."

Ta rungume ƙullin da hannu biyu. Na tsaya har motar ta fita tasha, sannan na koma rumfa na ɗebi toka na wanke darona.